Miyar Gyaɗa a Ranar Azumin Mista Haris

Ba zan ɓata muku lokaci da labarin filin jirgi ba. Ku ɗauka kawai na sauka Landan, a shekarun nan da kuɗin mai ya yi wa gwamnati yawa har ta rasa inda za ta zuba shi, sai ta riƙa zuba mu a jirgi tana tura mu kwas. Ni ma'ajin sito ne a ma'aikatar ayyuka a Kano. Shekara da shekaru ina ƙirga buhunan siminti ba wanda ya taɓa cewa ban iya ba, amma aka ce sai na je Ingila Bature ya koya mini. Na ce to, Allah ya sa mu dace.

Zangona na farko unguwar Marylebone ce, gidan wani Alhaji ɗan kwangila daga unguwarmu. Tun a Kano ya dafa kafaɗata a gaban jama'a ya ce, “Sabo, gidana na Landan gidanka ne.” Gida kuwa ya amsa sunansa. Kafet ɗin falon kaɗai, ranar da na fara takawa sai da takalmina ya nutse aka yi ta nema. Amma rabona a cikin gidan shi ne wani lungu tsakanin kicin da banɗaki, inda ake jingine tsintsiya. Da rana in na dawo makaranta, ni ne mai ɗaukar wa Hajiya ledoji a kantuna, ina biye da ita kamar jakin 'yan koli. Da aka kwana biyu sai Alhaji ya kira ni, yana sakace haƙori, ya ce yara za su zo hutu, kuma ka san yaran yanzu da son sarari. Na yi godiya har ƙasa, na ɗauki akwatina.

Zango na biyu unguwar Deptford. Nan na samu ɗaki a wani gida mai hawa uku da ke warin jiƙaƙƙen bargo. Abin da ya burge ni da ɗakin shi ne kullum na dawo da yamma sai in tarar gadon da ɗumi. Har na rubuta wa matata Hajara cewa Turawa sun kai inda gado ke dumama kansa in ya ji mai shi na tafe. Ranar da zazzaɓi ya koro ni gida da tsakar rana, na buɗe ƙofa na tarar da ƙato a kan gadona, ya ja bargona har wuya, hulata ta sanyi a kansa. Mutumin Kumasi ne, mai gadin dare a wata masana'anta. Ya buɗe ido ɗaya ya ce da ni da Hausar zango, “Massa, gado nawa ne da rana. Kai naka dare. Mai gida bai gaya ma ba?” Bai gaya mini ba. Shi ma mai gidan bai gaya masa cewa hular tawa ce ba. Muka zauna a bakin gado muka zagi mai gida tare, ya ba ni ƙwayar zazzaɓi, sannan ya roƙe ni in ɗan fita don yana da aiki da dare.

A wannan gidan na san abin da ake kira kewar gida. Rana ta ƙasar nan kunya gare ta, sai ta leƙo ta ga mutane ta koma. Mitar gas tana haɗiye tsabar kuɗi ta ba ka wuta ta minti kaɗan, kamar wadda ake roƙo. Akwai ranar da na bi wata mata 'yar Afirka tun daga kasuwa har bakin tashar bas, ba don komai ba sai don ledarta na ƙamshin daddawa. Tari ya kama ni, irin wanda in na yi a hawa na uku sai karen gidan ƙasa ya amsa.

Makarantarmu a unguwar Woolwich take, kuma a can ƙarƙashin ginin akwai ɗakin boila, wato tukunyar da ke dumama ginin duka. Nan na mayar masallacina. Gaskiya ba tsoron Allah ne kaɗai ke kai ni ba, wurin ne kaɗai a duk Ingila da ya yi kama da Kano a watan bazara. Ina idar da azahar sai in zauna in yi ta lazimin da ban taɓa yi a gida ba. Mai kula da boilar wani dattijon Bature ne, Mista Haris, siriri, mai farin gashi, wanda in ya tarar ina salla sai ya tsaya da sifanarsa a hannu har in sallame. Wata rana ya ji tarina ya tambaye ni inda nake kwana. Na ba shi labarin gadon karɓa-karɓa, ina yi ina ƙara gishiri don ya yi dariya. Bai yi ba. Washegari ya ce ya yi magana da matarsa. Suna da ɗa ɗaya, Kolin, ya tafi wa'azi Kudancin Amurka na shekara biyu, ɗakinsa a rufe yake.

“Ba mu taɓa sa baƙo a ciki ba,” in ji shi. “Mu gwada zuwa bikin Ista. In zaman ya yi mana duka, sai ka ci gaba har ka gama kwas ɗinka.”

Kwas ɗina kuwa sai tsakiyar bazararsu zai ƙare. Ku riƙe wannan, don daga ranar ba ni da wani buri a duniya sai ɗakin nan ya wuce Ista yana hannuna.

Na tare bayan Kirsimeti da 'yan kwanaki, na tarar suna kwance kayan adon bishiyar nan tasu. Ɗaki mai tsabta, bargo uku, taga na kallon kogi. Matar gidan, wadda tun ranar na sa mata Mama, ta saya mini sabuwar tukunya da cokali, ta ware mini kanta guda a kicin, ta ce ta ji ba ma cin alade. Har ta sa mijinta ya nemo inda gabas take ya manna 'yar takarda a bango. A bakin matakala Mista Haris ya tsayar da ni.

“Ya kamata ka sani, Mista Sabo, mu 'yan Mormon ne.”

Ban taɓa jin kalmar ba tunda uwata ta haife ni. Na ɗauka sunan garinsu ne. Na ce, “Amma dai Kirista ne ku?”

“E, Kirista ne. Sai dai akwai wasu abubuwa da muka…”

Na ɗaga masa hannu. “Baba, kada ka wahalar da bakinka. Ni da ka gani kusa da Sabon Gari na girma. Shinkafar Kirsimetin da na ci ta fi nauyina. Na san Kirista fiye da yadda fastonsu ya san su.”

Ya dube ni, ya rufe baki, ya ce madalla. Bature in ka ce masa ka sani, ba zai ƙara ba.

Abu na farko da na lura, gidan nan babu shayi. Gidan Bature a Ingila, babu shayi, babu kofi. Na ce Allah sarki, talauci ne suke rufawa. Na sayo ƙaton kwalin ganyen shayi na ajiye wa Mama a tebur. Ta yi godiya kamar na ba ta zinariya, ta ɗora shi can saman kabad, ban sake ganin an taɓa shi ba. Abu na biyu, Lahadinsu. Ba rediyo, ba talabijin, ba wanki, ba kanti. Su tafi coci da safe, su dawo, su sake komawa. Shirun gidan ya kai in ka yi atishawa sai ka ji kamar ka yi sata. Saboda haka kowace Lahadi tun da safe nake guduwa Deptford wurin Bitrus, sai dare ya yi in dawo.

Bitrus abokin kwas ɗina ne, ɗan Wusasa, Kirista ɗan Kirista, kuma Bazazzagi, wato abokin wasana. Shi na mayar malamina a asirce.

“Kai bawana,” na ce masa, “jera mini ranakunku masu girma daga nan zuwa Ista, kada ka tsallake ko ɗaya.”

“Me Bakano zai yi da su? Sayarwa za ka yi?”

Na faɗa masa batun ɗaki. Na ce so nake mutanen nan su ga ba su taɓa samun mai girmama addininsu kamata ba, har in Ista ta zo su riƙe mini ƙafa kada in tafi. Ya yi dariya, amma ya jera mini. Akwai Larabar Toka, ranar da ake shafa toka a goshi. Daga nan azumin kwana arba'in, ba irin namu ba, kowa yana barin wani abin da yake so, kuma ranar Juma'a masu tsanani ba sa cin nama sai kifi. Lahadi ba ta cikin lissafi, ranar hutun azumi ce. Sai Juma'ar da ta gabaci Ista, ranar makoki, a wuni a coci. Sai Ista.

“Amma waɗannan Mormon ɗin ban san su ba fa, Sabo,” in ji Bitrus. “Ka tambaye su mana. Tambaya kyauta ce, ko Bakano zai iya.”

“In tambaya bayan na ce na fi fasto sani? Ai ga hujja ma, shayi suka bari. Tun kafin azumin ya zo sun fara. Masu tsanani ne, irin na sahun gaba.”

Larabar Toka ta zo. A cikin bas na ga 'yan ƙasar Ailan masu aikin titi da baƙin tabo a goshi, Bitrus ma ya shigo aji da nasa. Na koma gida da yamma na tarar da goshin Mama fes, na Mista Haris ma fes. Na ce aiki ne ya hana bayin Allah zuwa coci. Na lallaɓa murhun falo na ɗebo toka a farantin shayi, na tace ta da yatsa, na kai wa Mama kicin da hannu biyu, na yi ƙasa da murya.

“Mama, ga shi. Ba wanda zai ji daga bakina.”

Ta dubi tokar, ta dube ni. “Na gode, Mista Sabo. Ta mece ce?”

Na nuna goshina na kashe mata ido. Ta ce, “Oh.” Ta ce su ba sa yin wannan. Na ce a raina, kunya ce, an kama ta ba ta je ba. Daga baya na hango ta ta taga tana zuba wa furanninta.

Juma'a kuwa na mayar da ita ranar kifi. Kowace Juma'a sai na shigo da ƙunshin soyayyen kifi da dankali a takardar jarida, na mutum uku, in ce, “Yau ba nama, na sani.” Su ci su yi godiya. Wata Juma'a na dawo da wuri na tarar Mama ta fito da gasasshiyar kaza daga tanda. Wallahi sai na juya mata baya na fuskanci bango, kamar yadda za ka yi in ka tarar da dattijo yana shan ruwa a ɓoye cikin Ramadan. Na tsaya ina karanta kalandar bango har ta gama. Ta ce, “Lafiya, Mista Sabo?” Na ce, “Ban ga komai ba, Mama.” Na hau sama ina jin na yi sutura irin ta mutanen kirki.

Ana cikin haka, wani mako na ga gidan ya canza. Waya ta yi ƙara ranar Laraba, Mista Haris ya daɗe a tsaye yana cewa “e, e” kawai. Daga ranar Mama ta daina 'yar waƙar da take yi in tana wanke-wanke, idonta ya yi ja. Mista Haris ya zuba gishiri a kokon safe maimakon sukari, ya shanye bai sani ba. Ni kuwa, likitan Kirista, nan take na gano cutar. Azumi ne ya fara cin su. Na san yadda tsakiyar Ramadan ke yi wa tsofaffi. Na ce to, Lahadi mai zuwa ba zan je Deptford ba. Tunda ranar hutun azumi ce, zan yi musu girkin da in sun ci za su manta da yunwar baya da ta gaba, su kuma manta da maganar gwaji zuwa Ista.

Ranar Asabar na karaɗe kasuwar Deptford. Naman rago wurin wani mahauci Bapakistane, markaɗaɗɗiyar gyaɗa ta kwalba, attaruhu daga shagon wata Bayarabiya, garin shinkafa na tuwo, alayyafo. Daddawa kuwa wurin abokin gadona na Kumasi na samo, ya ciro ta daga cikin safa kamar mai fito da gwal. Lahadi, wadda ta zo ita ce ta farko a watan, suna fita coci na kama aiki. Miyar gyaɗar da na yi ranar, in da a Kano ne sai an rubuta ta a tarihi. Ƙamshinta ya fita ta taga ya tsallaka kogi, na tabbata har masu tuƙa jirgin fito sun haɗiyi yawu. Na shimfiɗa farin ƙyalle a tebur, na jera faranti, na sa babbar rigata.

Suka shigo da tsakar rana. Mama ta tsaya a ƙofar kicin da jakarta a hannu. Mista Haris ya cire hularsa a hankali.

“Bismillah,” na ce. “Yau ɗanku ya yi muku girki.”

“Mista Sabo, wannan karamci ne babba,” in ji shi. “Za ka iya ajiye mana zuwa yamma? Yau muna azumi.”

Na yi dariya har da riƙe ciki. Mutanen da na kama da kaza ranar Juma'a, yau kuma, ranar da babu azumi, su ce suna azumi. Na ce wannan kara ce irin ta gida, wadda baƙo zai ce ya ƙoshi cikinsa na kuka.

“Baba, ni za ka yi wa wannan? Yau Lahadi. Lahadi ba ta cikin lissafi. Na bincika.”

“Namu daban ne. Mu a kowane wata…”

“Addininku ne fa, Baba, kada in zo ina koya maka. Tuwo in ya huce ya mutu. Mama, zauna.”

Mama ta ce da wata murya ƙasa-ƙasa, “Da yamma, don Allah.”

A nan ne na yi abin da muke yi a gida in baƙo ya cika noƙewa. Na ɗaga yatsa sama na ce, “Na rantse da Allah sai kun ci abincin nan yanzu.” Sannan, don in ƙara armashi, na fassara musu. Na ce a addinina in mutum ya rantse a kan wani, wancan bai cika masa ba, to nauyin ya hau kan mai rantsuwa, sai ya yi kaffara, azumin kwana uku a jere. Na dafe ƙirji na yi tarin ƙarya. Na ce, “Ku dube ni, da wannan tarin, a wannan sanyin. In na mutu ku za ku yi wa Hajara bayani.”

Ni wasa nake yi, irin wanda a Kano kowa zai yi dariya ya wanke hannu. Mista Haris bai ɗauke shi wasa ba. Ya tambaye ni, “Da gaske haka dokarku take?” Na ce ƙwarai kuwa, don dai dokar gaskiya ce. Ya dubi matarsa, ita ma ta dube shi. Sannan ya ja mata kujera, ya zauna, ya sunkuyar da kai ya yi addu'a gajeriya, ya ɗauki cokali.

Suka ci. Ina tsaye a kansu ina ƙari. Mama na kai loma hawaye na zubo mata, ni kuwa ina ta murna, ina cewa, “Attaruhu ne, Mama, haka yake yi wa sabon shiga. Sha ruwa.” Na tsiyaya mata da hannuna. Ta sha.

Da rana ta yi sanyi aka ƙwanƙwasa ƙofa. Wani dattijo ne daga cocinsu, da lema a hannu da kwanon abinci a rufe, matarsa ta aiko. Ina kan matakala zan sauko da faranti, sai na ji yana cewa a zaure, jama'a duka sun riƙe azumin yau saboda Kolin, har tsofaffin da likita ya hana, kuma ya zo ne su yi addu'ar rufewa tare su buɗe baki. Ya tambaya ko an sake samun labari daga asibitin can.

Mista Haris ya ce, “Babu tukuna. Shigo mu yi addu'ar. Sai dai mu mun buɗe namu da wuri. Mun yi baƙo.”

Ban san yadda na koma sama ba. Na zauna a gadon Kolin, a ƙarƙashin hotonsa yana ɗan makaranta, farantin na kan cinyata. Ni Musulmi ne, ba sai an yi mini tafsirin abin da na aikata ba. Uwa ta bar ci da sha tun daren jiya tana roƙa wa ɗanta lafiya, mutanen cocinsu duka sun taya ta, sai ni, wanda ke kwana a gadon yaron, na ɗura mata tuwo da sunan Allah, na bi da ruwa. In da a unguwarmu wani baƙo ya yi wa Hajara haka, da ni zan fara jifansa da takalmi. Gumi ya karyo mini a ɗakin da ko ruwan buta daskarewa yake yi.

Washegari ban iya haɗa ido da kowa a gidan ba. Na fita ba karyawa, na sauka ɗakin boila na jira shi. Da ya zo na durƙusa, abin da ban taɓa yi wa Bature ba. Ya ruɗe ya ce in tashi, ƙasan akwai baƙin mai.

“Baba, yanzu ka faɗa mini. Abin da ka so faɗa a bakin matakala na hana ka.”

Ya zauna a kan wani akwatin ƙarfe ya faɗa mini, yana goge hannu da tsumma. Kirsimeti suna yi, Ista suna yi. Amma toka, da kwana arba'in, da kifin Juma'a, duk ba nasu ba ne, na sauran coci-coci ne, kuma ba su ga laifin masu yi ba. Nasu azumin Lahadin farko ce ta kowane wata, ba ci ba sha daga daren Asabar zuwa yammar Lahadi, abin da da za su ci su ba mabukata. In wani na cikin damuwa sai a ɗaura niyyar azumin a kansa. Shayi kuwa ba azumi ba ne, ba sa sha ne kwata-kwata, har abada. Kolin kuwa ciwon shawara ne ya kama shi, mai tsanani.

“To yanzu mene ne ramuwa? Faɗa mini ko kwana sittin ne, ni zan yi muku.”

“Ba mu da ramuwa. Wata mai zuwa ma akwai Lahadi.”

“Me ya sa ba ka kore ni da tuwon ba?”

“Ka ce za ka yi kwana uku da wannan tarin.” Ya ɗan yi murmushi. “Kuma ka sa babbar riga.”

Da zagina ya yi da na fi samun sauƙi. Da na ba Bitrus labari ina jiran ya yi mini dariyar shekara, sai kawai ya ce, “Kai, Sabo.” Bazazzagi ya samu Bakano a ƙasa ya ƙi takawa, ku auna girman abin.

Na so a ce nan kunyata ta tsaya. Bayan mako guda da wani abu muna zaune a falo da yamma, waya ta sake ƙara. Mista Haris ya dawo ya ce Kolin ya tsallake, ya fara cin abinci, amma likitoci sun ce ba zai iya ƙarasa wa'azin ba, za a sako shi a jirgi kafin Ista. Mama ta rufe fuska da hannu biyu tana godiya ga Allah. Ni kuma bakin nan nawa, wanda ba ya shawara da ni, ya buɗe ya ce, “To ɗakin fa?”

Na ji maganar a kunnena kamar wani ne ya faɗe ta. Na bi ta da barka, da Alhamdu lillahi, da Allah ya ƙara sauƙi, na jero su kamar mai zuba ƙasa a kan abin da kyanwa ta yi, amma maganar ta riga ta fita. Mama ta sauke hannunta ta ce, “Tun Larabar da aka bugo wayar farko muke tunaninka, Mista Sabo. Ba za mu bar ka ka koma wancan gidan ba.” Wato a makon da ɗansu ke tsakanin rai da mutuwa, har da makwancina a cikin abin da ke hana su barci.

Kolin ya iso, dogo, ƙashi da fata, idonsa kamar an ɗiga masa kurkur. Ya miƙo mini hannu ya ce ya ji labarin miyata. Na kwana biyu a kujerar falo, ba yadda ba su yi ba in bar shi shi ya kwanta a nan, na ce sai dai a kashe ni. Mista Haris ya samo mini ɗaki a Plumstead, gaba kaɗan da Woolwich, wurin wani tsoho gwauro ɗan cocinsu. Ya ce ya riga ya yi masa bayanin alade da gabas. Ban tambaya ko ya yi masa bayanin rantsuwa ba.

Ranar tashina ta faɗo Juma'ar nan ta kafin Ista. Gari tsit, kantuna a rufe, ƙararrawar coci na bugawa ɗaya-ɗaya. Bitrus, wanda ya yi alkawarin taya ni ɗaukar kaya, tun safe yana coci, sai la'asar za su fito. Mista Haris ya aro wata tsohuwar motar ɗaukar kaya ya sa tufafin aikinsa na boila. Na tsaya a bakin mota, wannan karon na tambaya.

“Baba, yau ba ku da coci?”

“Ba mu da taro yau. Muna tunawa da ranar, amma a gida. Jibi ne namu.”

“Ashe da kuna da shi, da na rasa mai kai ni.”

“Da sai mu kai ka in an tashi.”

Ɗakin Plumstead a hawa na biyu yake, matakalar kuma ƙunci gare ta, mutum ɗaya take ɗauka. Kafin in sauko daga mota Mista Haris ya riga ya saɓa akwatina a kafaɗa, akwatin ƙarfe mai ɗauke da rabin kasuwar Kwari. Na ce ya sauke, ya ƙi. Na ce don girman Allah ya sauke, ya ce tarina bai warke ba. Na ji rantsuwa ta taso mini har maƙogwaro, don na san ita kaɗai ce za ta sa ya ajiye. Na haɗiye ta. Ya hau yana nishi, ni kuma na bi bayansa da buta da tukunya.